Zama a Kan Anka: Yadda Ake Tafiyar da Gida Cikin Jirgin Filafilai a Sawakin

Duk Bahaushen da ya taɓa zama gaban tsoho yana ba da labarin hajjin ƙafa ya ji sunan Sawakin. Nan ne ƙarshen tudu. Mutum ya baro Kano ko Damagaram, ya ratsa Borno da Wadai da Darfur, wataƙila ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira don tara kuɗin jirgi, sa'annan ya iso bakin Bahar Maliya ya zauna jiran abin da zai ƙetarar da shi Jidda, tafiyar kilomita 300 da ɗoriya. Har gobe jiragen fasinja na tashi daga nan. Amma akwai wasu masu jiran da ba su cika shiga labarinmu ba, su ne ƙananan jiragen ruwa masu filafilai, waɗanda iska ke turawa da manyan ƙyallaye. Tsawonsu yawanci mita 11 ne zuwa 14, kowanne da mutum biyu ko uku da suka mai da shi gida. Galibi daga Tekun Indiya suke fitowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, su shigo ta Babul Mandab suna neman Suwez da Bahar Rum. A Sawakin suke yada zango, domin daga nan zuwa Suwez, kimanin kilomita 1,300, iskar arewa ce ke busowa kusan duk shekara, gaba da gaba da matafiyi. Dole a tsaya a cika tanki, a ɗaure abin da ya kwance, a jira ta lafa.

Wanda ya hango su daga gaɓa zai ce hutu suke yi. Hutun kaɗan ne. Duk abin da ɗan gari ke samu ta famfo da wayar lantarki da shagon bakin layi, mazaunin jirgi da hannunsa yake ɗaukowa, da lissafi kuma yake kashewa. Shi kansa gidan ba a kafe yake ba, wani ƙarfe mai nauyin kilo 20 ko 25 ne ke riƙe da shi a ƙarƙashin ruwa. Wannan jagora ce ga wanda zai yi irin wannan zama, ko a matsayin mai jirgi, ko ɗan aiki, ko baƙon da aka gayyata.

Shiga

Gaɓar Sudan cike take da duwatsun murjani da ke kwance dab da fuskar ruwa, kuma taswirorin wasu wurare an gina su ne kan awon da aka yi tun ƙarni na 19. Na'urar GPS za ta faɗa maka inda kake daidai, amma taswirar da ke cikinta tana iya ajiye dutsen a inda ba nan yake ba. Saboda haka da ido ake shiga. Ka lissafa tafiyarka ta yadda za ka iso da hantsi ko da rana tsaka, rana tana sama ko tana bayanka. Idan tana gabanka, ruwan walƙiya kawai zai yi maka, ba za ka ga komai ba. A sa mutum ɗaya a goshin jirgi, ya hau wuri mai tudu, ya sa tabarau mai kashe ƙyalli. Shuɗi mai duhu zurfi ne. Kore na nufin ruwa ya fara ragewa. Inda ya koma ruwan ƙasa ko ɗorawa, murjani ne, kuma jirgin da gindinsa ya nitse kusan mita 2 ba shi da abin nema a wurin.

Mashigar Sawakin doguwa ce, siririya, a bakinta akwai tashar Usman Digna inda jiragen fasinja da na dabbobi ke lodi. Su ke da hanya, kai ne za ka kauce. Kafin ka shiga, ka kira tasha ta rediyon VHF a layi na 16, ka ɗaga ƙaramar tuta mai ruwan ɗorawa, wadda a ko'ina cikin duniya take nufin jirgi na neman izinin shiga. Tutar Sudan ƙarama ita ma a ɗaga ta a gefen dama na jigo, sandar da ke ɗauke da filafilai, girmamawa ce ga masu ƙasa. Kada kowa ya sauka tudu sai jami'ai sun gama da fasfo da takardun jirgi. A Sawakin wakili ne ke yi wa masu irin waɗannan jirage zirga-zirgar takardu, shi ke samo takardar izinin sauka, ya haɗa ka da mai man dizal da mai ruwa. Wasu na ganin kuɗinsa asara ne. Ni ban gani ba. Baƙo makaho ne ko da idonsa, balle a garin tasha, inda ɗaga waya ka ɗauki hoton abin da bai kamata ba ya isa ya kai ka ofishin da ba ka yi niyya ba.

Anka, wadda komai ke rataye a kanta

Mutane da yawa na zaton nauyin anka ne ke riƙe jirgi. Jirgi mai tan 10 ba zai tsaya don ƙarfen kilo 20 ba. Abin da ke riƙe shi shi ne bakin ankar ya nutse cikin laka ko yashi, kuma ba zai nutse ba sai an ja shi a kwance. Da zarar jan ya koma sama, ta fito. Duk dabarar sakin anka a kan wannan take.

Shi ya sa ake sakin sarƙa da yawa. Ka duba zurfin ruwa, ka ƙara da tsayin goshin jirgi daga fuskar ruwa, ka ninka sau biyar. A ce zurfin mita 6 ne, goshi kuma mita ɗaya da rabi. Jimla bakwai da rabi ke nan, sau biyar ya kusa mita 38, sai ka cike 40. Idan ana sa ran iska mai ƙarfi, ka kai sau bakwai. Kada ka yi rowar sarƙa, domin wadda ke kwance cikin ma'ajiyarta ba ta riƙe komai. Ka kuma san cewa ƙarfin iska a kan jirgi ba ya tafiya daidai da gudunta: in gudunta ya ninka biyu, jan da take yi sai ya ninka huɗu. Ankar da ta kwana lafiya jiya ba ta ba ka tabbacin yau ba. Wani sauƙi da Sawakin ke da shi shi ne cikowa da janyewar teku a wannan yanki kaɗan ne ƙwarai, bai kai rabin mita ba. A wasu gaɓoɓin Faransa da Ingila yakan haura mita 10, kuma can dole ka yi lissafinka da zurfin da ruwa zai kai idan ya cika.

Ga yadda ake yi. Ka zagaya wurin a hankali kana kallon na'urar auna zurfi, ka zaɓi inda ƙasa laka ce ko yashi. Kada a jefa anka kan murjani: ba ta kamawa da kyau, sarƙa na iya naɗewa a jikinsa ta ƙi fitowa, kuma abin da ya yi shekaru aru-aru yana girma za ka ragargaza cikin dare ɗaya. Ka fuskanci iska, ka tsai da jirgi cak, sa'annan a sauke anka har ta taɓa ƙasa. Daga nan jirgi ya riƙa ja da baya a hankali ana sakin sarƙa, don ta shimfiɗu a miƙe. In aka zubo ta gaba ɗaya, sai ta taru kan ankar ta ɗaure ta. Bayan an saki iya abin da ake so, a sa giyar baya, da farko a hankali, sa'annan a ƙara wuta na minti ɗaya ko biyu. Na goshi ya ɗora hannu ko tafin ƙafa a kan sarƙa, can gaba da injin naɗe sarƙa. Idan ta miƙe ta yi tsit, ta kama. Idan tana karkarwa tana tsalle, ankar jan ciki take yi, a ɗago a sake. Ba abin kunya ba ne a sake sau uku. Na bayan jirgi kuma ya sami abubuwa biyu a tudu da suka yi layi ɗaya, misali hasumiyar masallaci da wani gini a bayanta. Muddin suna layi, jirgi na nan inda yake.

Mai sitiyari da na goshi su shirya alamun hannu tun kafin su iso: gaba, baya, tsaya, ƙara wuta. Da ƙarar inji da iska, magana ba ta kaiwa, ihu ne ke kaiwa, kuma duk maƙwabta na zaune suna kallo. Ba aure ɗaya wannan minti goma ya girgiza ba.

Jirgi a kan anka kamar akuya yake a turke: iya tsawon igiyarta, iya inda za ta zagaya. Da sarƙa mita 40 da jirgi mita 12, kana buƙatar fili na kusan mita 50 ta kowace fuska, domin iska na juyawa, jirgi kuma kullum goshinsa yake ba ta. Ka duba da'irar nan kaf, ka tabbata babu dutse, babu tudun yashi, babu hanyar manyan jirage a cikinta. Al'adar masu jirgi ita ce wanda ya riga sakin anka shi ke da wuri. In kun matsu, na baya ne zai tashi, ko da tsakar dare ne.

Abu na ƙarshe, a ɗaura igiyar nailan mai tsawon 'yan mitoci a jikin sarƙa, a ɗaure ɗaya bakin a goshin jirgi, a sassauta sarƙar har nauyin ya koma kan igiya. Nailan na miƙewa, sarƙa ba ta yi. Ita ke shanye fizgar iska, ta tsare injin naɗewa, ta kuma rage gurnanin da ke hana barci. Sai a rataya baƙar ƙwallo a gaban jirgi da rana, a kunna farar fitila mai haska kowace fuska da dare. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 ne suka wajabta su, kuma masunta na fita tun duhu bai yaye ba.

Safiya

Kafin shayi, kafin komai, a leƙa waje a duba alamun jiya. Muna nan? Iska daga ina take? Maƙwabci ya matso?

Musulmin da ke cikin jirgi zai tarar alƙibla a nan arewa maso gabas take, kusan daraja 45 a kamfas, ba gabas ɗin da ya saba ba. Tun da jirgi na juyawa, kada ya dogara da inda ya fuskanta da isha'i. Ya duba kamfas kowace salla, in jirgi ya juya yana ciki, ya juya ya bi alƙibla gwargwadon iko, haka malaman Malikiyya suka karantar. Alwala da ruwan teku ta halatta, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga tanki. Amma a nemi ruwa mai tsabta, ba na kusa da inda jirage ke zubar da ƙazanta ba.

Sai batir. Jirgi da wutar bolt 12 yake aiki, daga batiran da faifan sola ke cikawa da rana. Da asuba ne suke a mafi ƙarancinsu, don haka lokacin ne ake karanta su. Batir irin na dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa. In ka ga ya sauka wajen 12.2, ya kai rabin, kuma yawan wuce nan na gajarta masa kwana. Babban mai shan wuta shi ne firji, musamman a zafin Bahar Maliya, don haka a rage buɗe shi, a yi tunanin abin da za a ɗauka kafin a ɗaga murfi. Cajin waya da kwamfuta da duk wani aiki mai cin wuta a bar shi sai rana ta take, lokacin da sola ke bayarwa fiye da abin da batir zai iya karɓa. Iskar tudu na kawo ƙura, ƙurar ta haɗu da gishiri ta yi ɓawo a kan faifan. A goge su kowace safiya da tsumma mai ɗan ruwan daɗi. Aikin minti biyu ne, amma yana iya zama shi ne bambancin shan ruwan sanyi da kunna inji awa guda.

Ruwa

Tankin irin wannan jirgi yakan ɗauki lita 300 zuwa 500. A gida wannan ba ya kai iyali kwana uku. A jirgi ana so ya kai mako uku ko fiye, kuma yana kaiwa in an san abin da ake yi.

Ba a tsimin ruwan sha. A wannan zafi kowa na buƙatar lita 3 zuwa 4 a yini, kuma wanda fitsarinsa ya yi duhu ya san ya gaza. A sauran abubuwa ake tsimi. Kwanuka da ruwan teku ake wanke su, a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi daga kwalbar feshi, in ba haka ba cokula su yi tsatsa. Wanka ma haka: a jiƙa jiki da na teku, a yi amfani da sabulun ruwa domin sabulun sanda ba ya kumfa a gishiri, sa'annan a ɗauraye da lita ɗaya ko biyu. Kada a bar gishiri ya bushe a jiki ko a tufafi, yana jawo laima, ya kawo ƙuraje. Famfon ƙafa ya fi na lantarki, saboda ƙafa na gajiya, mutum ya daina zuba.

Wasu jirage na da injin tace ruwan teku, mai matse shi da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata har gishiri ya rabu. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita maimakon 35, saboda zafi na ƙafar da ita kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta. Injin ya fi wahala a nan. Kada kuma a kunna shi cikin tasha, ɗigon mai da laka na kashe fatar. A bari sai an fita fili.

Saura sai jarka. A Sawakin da amalanken jaki ake raba ruwa, kuma ruwa abu ne mai tsada a duk wannan gaɓa. Fot Sudan kanta a kan madatsar Arba'at ta dogara, wadda ambaliya ta fasa a Agustan 2024. Wanda ya san wannan ba zai tsaya wanke bene da ruwan da ya saya a gaban mutanen gari ba. Ka ɗanɗana kafin ka saya, don wani yana da ɗan gishiri. Ka tace shi kafin ya shiga tanki, ka ɗiga masa bilic marar ƙamshi, kamar ɗigo biyu a kowace lita, ka bar shi rabin awa. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, kuma sai ka ɗauke ta daga amalanke zuwa kwalekwale, daga kwalekwale mai rawa zuwa saman jirgi. Da igiya ake jawo ta, ba da ƙugu ba. Wanda ya yi jigilar jarka goma da rana tsaka ba sai an yi masa wa'azin rufe famfo ba.

Kwalekwale da gari

Ƙaramin kwalekwalen roba mai inji a baya shi ne ƙafarka. In ya ɓace, kana ganin gari amma ba ka da hanyar zuwa. Kada a tashi ba tare da itatuwan tuƙi, ƙaramar anka, tocila, ruwan sha da ɗan abin kwashe ruwa ba, ko da tafiyar minti uku ce. Inji na mutuwa, in kuma iska daga tudu take busowa, kwalekwalen roba ba ya tuƙuwa gaba da ita. Igiyar kashe inji a ɗaura ta a ƙafa ko a hannu, ta yadda in mai tuƙi ya faɗa ruwa injin zai mutu nan take. Farfela ta raunata mutane da yawa da suka raina wannan 'yar igiya. A ɗaure kwalekwale da ƙulli na gaske, kuma wanda ya ɗaure ya ja ya gani.

Da sassafe ake zuwa kasuwa, kafin rana ta yi zafi kayan lambu su yi yaushi. Hanyar za ta bi da kai gefen tsohon garin da ke kan tsibiri, wanda aka gina da dutsen murjani. Turkawa sun mulke shi tun ƙarni na 16, ya yi zamani a matsayin babbar tashar wannan gaɓa, har Ingilishi suka fara gina Fot Sudan a 1905, kimanin kilomita 60 a arewa, saboda manyan jiragen tururi ba sa iya wannan mashiga. Fatake suka ƙaura, gidaje suka rasa mai yi musu yaɓe, suka zube. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i, amma yawancin sauran kufai ne. Ka kalla, kada ka hau, bangon ba ya riƙe mutum.

Kasuwa a ɓangaren tudu take. Za ka sami burodi, tumatir, albasa, lemun tsami, dabino, ƙwai, wake da zoɓo, wanda a nan karkade ake ce masa. Cikin mutanen yankin, Beja ne mafi yawa, ga Larabci a bakin kowa, kuma kada ka yi mamaki in ka ji Hausa, musamman a Fot Sudan, inda jikokin mahajjata da sauran Hausawan Sudan ke zaune. Ka yi sallama kafin tambayar farashi. Gajeren wando da ake yawo da shi a jirgi a bar shi a jirgi, mace ta rufe jiki, ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. In aka miƙo maka jabana, gahawarsu mai citta, ka zauna ka sha, kasuwa ba za ta gudu ba. Katin banki na waje kada ka dogara da shi. Dala ake zuwa da ita, sababbi, marasa yagewa.

Idan an dawo, kwali ba ya hawa jirgi. A cikin ramukansa kyankyasai ke ƙwai, kuma in suka shiga bayan katakon jirgi sun zama 'yan gida. A juye kaya tun a kwalekwale, a wanke kayan marmari, a shanya su bushe sarai. Albasa da dankali ba sa kwana wuri ɗaya, ayaba da tumatir na nunar da duk abin da ke kusa da su. Ƙwan da bai taɓa shiga firji ba yana yin makonni in ana juya shi bayan kwana biyu ko uku. Gari da shinkafa a zuba su cikin robobi masu murfi. Kifi kuwa a saya wurin masunta, su suka san na ci da na bari. Kifin nan mai kumbura ciki dafi ne da shi mai kisa, dahuwa ba ta kashe shi.

Abubuwa uku da ba a wasa da su

Na farko gas ɗin girki. Ya fi iska nauyi, don haka in ya tsiyaya ba ya fita ta taga, gangarawa yake yi ya taru a ƙasan cikin jirgi yana jiran tartsatsi. Da an gama girki a rufe daga tukunyar gas, a bar wutar ta cinye na cikin tiyo ta mutu da kanta, sa'annan a rufe murhu. Kowa a jirgi ya san wannan, har baƙo.

Na biyu ban ɗaki. Da famfon hannu yake aiki, tiyonsa siriri ne, kuma ba a jefa masa komai, ko takarda. Wanda ya toshe shi ne ke kwance shi. Ƙazanta cikin tankinta take zama sai an fita teku mai nisa, ba a sakinta inda yara ke wanka. Kowane tiyo da ya huda jikin jirgi a ƙarƙashin ruwa yana da makulli. Ka san inda kowanne yake, ka rufe su in za a bar jirgi ba kowa. Jirage da dama a kan anka suka nutse, cikin ruwa kwance, saboda tiyo ɗaya da ya saɓule.

Na uku shara. Yarjejeniyar MARPOL ta haramta jefa roba a teku ko'ina. A ɗauraye gwangwani da leda don kada su yi wari, a matse, a kai tudu, a tambayi inda ake zubarwa.

Da azahar ba a aikin kirki. A shimfiɗa rumfa bisa jirgi, a buɗe tagar goshi iska ta ratsa, a kwanta. Da la'asar ake gyara, kuma kullum akwai abin gyara: ɗinkin filafilai da rana ta cinye, man inji, bel, tsatsa. Man dizal da aka sayo a jarka a bar shi ya kwana ya kwanta, a zuba ta mazurari mai matata, domin ruwa ko datti a cikinsa sai a bakin murjani yake kashe inji. Ruwan ɗumi na sa ƙananan halittu manne wa gindin jirgi da farfela cikin 'yan makonni, sai an nutsa an kankare, da safar hannu. Yankan murjani ko na ɓawon kifi, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi da ruwan daɗi da sabulu a sa magani nan take, yana saurin ruruwa.

Dare

Kafin magariba a sa ragar sauro a kowace taga, akwai zazzaɓin cizon sauro da na dengi a wannan gaɓa. A ɗago kwalekwale daga ruwa ko a sa masa kwaɗo. A ɗaure igiyoyin jigo nesa da shi don kada su kwana suna bugawa, maƙwabta ma barci suke so. A kwashe komai daga bene, makullin inji na jikinsa, tocila na inda hannu zai kai cikin duhu, ta yadda in an tashi da gudu ba za a yi tuntuɓe ba. A saita ƙararrawar GPS ta yi kuka in jirgi ya fita da'irarsa, amma kada a miƙa mata amana duka. Bayan 'yan kwanaki kunne na koyon muryar jirgi, canjin kaɗawar ruwa ko sabon sauti daga sarƙa ya tashe ka kafin na'ura. In ka farka, ka fita ka duba. Idan iska ta yi tsanani, a raba dare, ɗaya na barci ɗaya na zaune. In kuwa anka ta saki, a kunna inji tukuna, a riƙe goshin jirgi cikin iska, sa'annan a yanke shawara: ko a ƙara sarƙa in akwai fili a baya, ko a ɗago a sake.

Tashi

Hasashen yanayi ne ke sa ranar tashi. Ana duba shi safe da yamma, ana neman kwana biyu ko uku da iskar arewa za ta yi sanyi, a ruga a kai wata marsa, wato ɗaya daga cikin lungunan da ke shiga cikin gaɓa, a sake sakin anka a sake jira. Wanda ya ƙosa ya fita cikin iska mai ƙarfi zai ƙona mai, ya jijjiga jirgi da mutanensa, ƙarshe ya dawo inda ya baro. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ranar da za a tafi, a biya kowa haƙƙinsa tun daren jiya, a karɓi takardar fita, a tanadi bokiti da buroshi a goshi, domin sarƙa da laka take fitowa, in ta shiga ma'ajiya haka sai jirgi ya yi mako yana wari.

Magana ta ƙarshe ga mai niyya: tun Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi, jirage marasa matuƙi sun kai hari Fot Sudan a Mayun 2025, kuma a ƙarshen 2023 aka fara kai wa jiragen ruwa hari a kudancin Bahar Maliya. Kada ka ɗora tafiyarka kan labarin bara. Ka tuntuɓi wakili a Sawakin da waɗanda suka wuce cikin makonnin nan, ka ji ta bakin kamfanin inshorarka, sa'annan ka sa rana.